Kafin a Kashe Kuɗi Kan Kwamfutar Gem: Yadda Ake Gano Abin da Ya Kamata a Sauya

Yawancin matasan da ke buga gem a kwamfuta yanzu, a waya suka fara. Daga Free Fire da PUBG Mobile da eFootball, sai mutum ya tara kuɗinsa na watanni ya sayi laftof ta hannu, irin su HP EliteBook ko Dell Latitude, da burin buga GTA V ko FIFA a babban sikirin. Yana kunnawa sai ya ga motar tana tafiya tana cijewa, ɗan wasa ya buga ƙwallo sai hoton ya ƙame na ɗan lokaci. Washegari ya koma kasuwa, mai shago ya ce masa RAM ne ya yi kaɗan. Ya biya aka ƙara, ya dawo gida, gem ɗin yana nan yadda yake.

Ba lallai ne mai shagon ya yi ƙarya ba, RAM yana da amfani. Amma ba shi ne ciwon wannan kwamfutar ba. Kwamfuta tana aiki ne kamar leburori masu miƙa kwanon kankare hannu da hannu a wurin zuba dakin: duk ƙarfin sauran, saurin layin yana hannun wanda ya fi kowa sanyin jiki. In aka sauya wani ba shi ba, an ƙara kuɗin aiki ne kawai. Don haka abu na farko shi ne a gano wane sashe ne ke riƙe da layin.

Wa ke yin wane aiki

Motsin da ake gani a gem hotuna ne masu bin juna da sauri. Adadin hotunan da kwamfuta ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya shi ake kira FPS. Idan gem yana tafiya a FPS 30, za a iya bugawa. A 60 yana tafiya sumul. Ƙasa da 25 kuwa ido zai fara ganin tsaitsayawa. Don a samu 60, dole kwamfuta ta gama zana kowane hoto cikin kusan kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa.

Sassa huɗu ne ke raba wannan aiki. Furosesa, wato CPU, shi ke lissafin abin da ke faruwa: ina harsashi ya nufa, ina abokan gaba suke, yaya mota za ta juya. Katin hoto, wato GPU, shi ke zana abin da aka lissafa. RAM shi ne teburin da ake baza kayan aikin da ake buƙata nan take. Ma'ajiya kuma, HDD ko SSD, ita ce sito inda gem ɗin yake zaune, daga can ake ɗebo kaya zuwa tebur.

A waya ba a iya sauya ko ɗaya daga cikinsu, domin duk a manne suke da allon wayar. Ko "ƙarin RAM" da wasu wayoyin Tecno da Infinix da Samsung ke tallatawa, aron wuri ne daga ma'ajiyar wayar, kuma bai kai RAM na gaske sauri ba. Kwamfuta ce ke ba da damar cire wani sashe a sa wanda ya fi shi, amma ita ma ba kowace iri ba, kamar yadda za a gani a gaba.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

A kunna gem ɗin a buga na minti goma, sannan a danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Task Manager zai buɗe, a shiga ɓangaren Performance, inda za a ga yadda kowane sashe ke aiki. Wanda ke son ganin lambobin a kan sikirin yana cikin wasa zai iya sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce. Ga yadda ake karanta sakamakon:

Idan GPU yana kan kashi 95 zuwa 100 amma FPS bai kai ba, katin hoto ne ya gaza. Idan GPU yana wajen kashi 50 ko 60 kuma gem ɗin na jan ƙafa, to katin zaman jira yake yi, furosesa ne bai miƙo masa aiki da wuri ba. Idan RAM ya kusa cika, Disk kuma ya tsaya a kan 100, RAM ne ya yi kaɗan, har kwamfutar ta koma tana aron wuri a ma'ajiya. Idan kuwa wasan yakan fara lafiya, sai bayan minti goma ko sha biyar ya soma ja, zafi ne.

Akwai gwaji na biyu mai tabbatar da na farko. A shiga saitin gem ɗin a rage girman hoto daga 1080p zuwa 720p. Hoton 1080p yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, na 720p kuma bai kai miliyan 1 ba, wato an rage wa katin hoto fiye da rabin aikinsa. In FPS ya yi tsalle, katin ne matsalar. In bai motsa ba, sayen sabon kati ba zai canza komai ba.

Laftof ko ta tebur

A kusan dukkan laftof na yanzu, furosesa da GPU a narke suke a jikin babban allon da masu gyara ke kira bod. Ba a cire su, ba a ƙara su. Duk wanda ya ce zai sa wa laftof ɗin ofis katin hoto a ciki, a riƙe kuɗi a bar wurin. Abin da ke sauyuwa a laftof shi ne RAM da ma'ajiya, wasu siraran ma har RAM ɗinsu a manne yake. Akwai akwatin da ake sa kati a ciki a jona da laftof ta ramin Thunderbolt, sai dai kuɗin akwatin da na katin sukan kai na kwamfutar tebur sukutum.

Misali, EliteBook 840 G3 tana da gurbin RAM biyu kuma tana karɓar SSD, amma hotonta yana hannun Intel HD 520 da ke cikin furosesa. Za a iya gyara ta ta buga tsofaffin gem a saiti na ƙasa. Sababbin manyan gem kam sun fi ƙarfinta ko nawa aka zuba mata. Mai irin wannan laftof da ke son manyan gem, gara ya adana kuɗin gyaran ya haɗa ya sayi kwamfutar tebur, domin a can kowane sashe yana fita.

RAM: yawa da yadda aka jera shi

GTA V, wanda ya fito a kwamfuta a 2015, yana neman aƙalla 4GB, kamfanin kuma ya ba da shawarar 8GB. Gem ɗin da ke fitowa yanzu da yawansu 16GB suke so, ga shi Windows da burauza sukan cinye kusan rabin 8GB tun kafin a buɗe wasa. Tashi daga 4GB zuwa 8GB, ko daga 8GB zuwa 16GB, yana rage ƙamewar nan ta ba-zata. Tashi daga 16GB zuwa 32GB kuwa da wuya mai gem ya ga bambanci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sanda biyu sun fi sanda ɗaya. Guda biyu na 4GB sun fi guda ɗaya na 8GB sauri, domin furosesa yana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Wannan ya fi tasiri ga laftof marar katin hoto na daban, saboda GPU ɗinta ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ci. Ga irin wannan kwamfuta, cike gurbi na biyu shi ne gyara mafi araha da ke ƙara FPS a zahiri. Task Manager yana nuna gurbi nawa ne a cike a ƙarƙashin Memory.

Kafin saye a tabbatar da iri. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Na laftof gajere ne, na tebur dogo. Wasu tsofaffin laftof kuma DDR3L suke ɗauka, mai cin wuta kaɗan, in aka sa musu DDR3 na gama-gari ba za su tashi ba. Manhajar CPU-Z tana nuna irin wanda ke ciki da saurinsa, sai a ɗauki hoton shafin da waya a tafi da shi kasuwa.

SSD: saurin buɗewa, ba ƙarin FPS ba

Tsohuwar ma'ajiya ta HDD faifai ne mai juyawa, kuma a laftof takan karanta wajen 100MB a daƙiƙa. SSD irin na SATA yana kai wa kusan 550MB, na NVMe kuma yana haura 3,000MB. Kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi za ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi, kuma a gem masu faɗin gari za a daina ganin titi ko gini yana bayyana a makare. Duk da haka, SSD ba ya taimaka wa katin hoto wajen zane. Wanda ke samun FPS 20 saboda raunin kati, 20 ɗin zai ci gaba da samu.

A lura da cewa ramin M.2 iri biyu ne, wani SATA kaɗai yake karɓa, wani NVMe, wani duka biyun, don haka a duba lambar kwamfutar a shafin kamfaninta. Tunda manyan gem da dama sun haura 100GB, 256GB zai cika da wuri, 512GB ne mafi ƙanƙantar abin da zai ba da sukuni. In na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarsa da awowin da ya yi yana aiki.

Katin hoto: inda kuɗi suka fi yin aiki, kuma inda aka fi cutar mutane

Ga mai kwamfutar tebur, yawanci nan ne gyaran da ya fi canza komai. Amma akwai tarko guda da ke kama sababbin shiga: auna kati da yawan GB ɗinsa. GT 730 mai 4GB ba ya ko kusa da GTX 1050 Ti mai 4GB. Yawan GB faɗin teburin katin ne, ƙarfin zanen yana ga lambar katin. Shi ya sa GT 710 da GT 730 ba kayan gem ba ne, ko me aka rubuta a kwalinsu. GT 1030 ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, suna ɗaya amma na biyun ya yi rauni ƙwarai.

Kwamfutocin ofis na hannu, irin Dell OptiPlex da HP ProDesk, su ne hanyar da matasa da yawa ke bi saboda araha. Siraran cikinsu ba sa ɗaukar cikakken kati, sai gajere da aka yi wa siririn akwati, kuma wutarsu sau da yawa ba ta kai wat 300 ba. Ramin da ake soka kati a jikin bod yana ba da wat 75 ne kacal. Katunan da suka dace da wannan iyaka sun haɗa da GTX 1050 Ti na 2016, da GTX 1650 na 2019, da RX 6400, da RTX 3050 mai 6GB. Shi RX 6400 yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa a tsohon bod mai PCIe 3.0, don haka a tsohuwar kwamfuta GTX 1650 ya fi kwanciyar hankali.

Mai babban akwati da isasshiyar wuta yana da zaɓi mai faɗi, daga RX 580 mai 8GB zuwa RTX 3060 mai 12GB. RX 580 yana da araha a kasuwar kayan hannu, sai dai da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana. Akwai kuma wanda ake rubuta wa 2048SP, wanda ƙarfinsa na RX 570 ne. Sannan akwai na jabu gaba ɗaya: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa suna ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z tana tona asirin da yawa daga cikinsu, har takan rubuta FAKE a gaban sunan.

Bayan an sa kati, wayar sikirin a jikin katin ake jona ta, ba a ramin bod na sama ba. Mutane da dama sun yi makonni suna zagin sabon katinsu alhali ko aiki bai fara ba. A kuma sauke direban katin daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye.

Akwatin wuta

PSU, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ba ya ƙara FPS ko ɗaya, shi ya sa ake raina shi. Amma RX 580 kaɗai yana jan wat 185, kuma ana so a haɗa shi da PSU mai wat 500. RTX 3060 yana jan wat 170. Irin waɗannan katuna suna buƙatar ƙarin waya mai baki 6 ko 8 daga PSU. Idan wutar ba ta isa ba, kwamfutar za ta riƙa mutuwa da kanta a tsakiyar wasa. Idan kuma PSU ɗin marar suna ne, ranar da ya ƙone zai iya tafiya da kati da bod a tare.

A guji ƙaramar wayar nan da ke mayar da bakin SATA ya zama mai baki 6. Ba a yi ta don ɗaukar nauyin kati ba, takan yi zafi har ta narke. A nemi PSU na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus. Nan ne wurin da sayen nagari ke mayar da kuɗi gida.

Furosesa: sunan i7 ba ya wadatarwa

A kasuwa akan ji ana cewa "ai Core i7 ce", kamar magana ta ƙare. Tsara ita ce abin dubawa. Core i7-7500U na laftof ƙwaƙwalwa biyu gare shi, Core i3-12100 na tebur kuwa huɗu, kuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Lambar farko ko biyun farko bayan layin su ke nuna tsarar: 7500 tsara ta 7, 12100 tsara ta 12. Harafin U a ƙarshe yana nufin an yi shi ne don tattalin batir.

Kowane furosesa yana da mazaunin da yake shiga. Tsara ta 2 da ta 3 na Intel suna zama a LGA1155, ta 4 a LGA1150, ta 12 zuwa ta 14 a LGA1700. Tsallakawa daga wannan mazauni zuwa wancan yana nufin sabon bod, sau da yawa har da sabon RAM. Masu AMD Ryzen a kan mazaunin AM4 sun fi sa'a, domin bod da yawa suna karɓar tun daga Ryzen 1000 har zuwa 5000 bayan an sabunta BIOS. Akwai kuma batun Windows: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga tsara ta 8 ta Intel yake farawa. Duk mai shirin zuba kuɗi masu yawa a kwamfutar da ta girmi haka, ya sa wannan a lissafi.

Zafi, ƙura da wuta

Idan furosesa ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, kwamfuta tana fara wasa ne da rabin numfashi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan fanka. Laftof ta hannu da ta yi shekara biyar ko shida, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya riga ya bushe. Share fanka da sa sabon man nan a wurin mai gyara yakan dawo da saurin da mutum ya zaci sai da sabon kaya zai samu. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo ana wasa, ta ƙasa take shaƙar iska.

Laftof kuma tana rage ƙarfinta idan tana kan batir, don haka a buga gem tana jone da cajarta ta asali, ƙaramar caja ba za ta ciyar da ita ba. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS ko aƙalla sitabilaiza, musamman inda ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta. Wanda zai buɗe kwamfuta da kansa ya zare ta daga wuta, ya danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi, ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa RAM ko kati. Ɗan tartsatsin da ke kama yatsa lokacin hunturu ya isa ya kashe sanda guda ta RAM.

Abin da sayen kaya ba zai gyara ba

Idan hoto yana tafiya sumul amma mutum ya harba sai bayan ɗan lokaci harbin ya fita, ko ya ga an dawo da shi inda ya baro, matsalar intanet ce. Ita ake aunawa da ping, kuma babu katin da ke rage ta. Abin da ke taimakawa shi ne jona waya daga rauta maimakon Wi-Fi, da zaɓar sabar da ta fi kusa. Haka nan sikirin mai 60Hz ba zai nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa ba, ko da katin yana fitar da 140.

Masu buga gem ɗin waya a kwamfuta ta BlueStacks ko makamantanta su fara duba ko an kunna Virtualization a cikin BIOS. Task Manager yana nuna hakan a shafin CPU. Idan a kashe yake, wasan zai yi ta ja ko da kwamfutar mai ƙarfi ce. A cikin saitin manyan gem kuma, rage inuwa da kunna FSR, wanda ke aiki har a kan tsofaffin katuna, sukan ƙara FPS ba tare da an sayi komai ba.

Wanne za a fara da shi

Ga mai laftof: shara da sabon man sanyaya, sai cike gurbin RAM na biyu, sai SSD. Daga nan a tsaya, duk abin da ya rage tarin kuɗin wata kwamfutar ne. Ga mai ta tebur: in har yanzu HDD ce ko RAM bai kai 8GB ba, a fara da su tunda su ne masu araha, sai a duba ƙarfin PSU, sannan kati. Furosesa ne na ƙarshe, sai gwaji ya nuna shi ne ke riƙe da layin.

Ko a titin Beirut na Kano za a saya, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, a tafi da filasha mai ɗauke da CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo. A sa mai kaya ya jona katin, a bar gem ko manhajar gwaji irin FurMark ta yi minti goma sha biyar a kansa, ana kallon zafinsa, ana duba ko ɗige-ɗige ko layuka za su fito a sikirin. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da adadin kwanakin da za a iya dawo da shi. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada, a gode masa a wuce shago na gaba.